Takunkumi Mai Taga

Mijina ba ya ji. Yau ina iya faɗa a fili, amma kafin zuwan annobar nan ko wuƙa aka ɗora mini a wuya ba zan faɗa ba. Shi mai kunnen bai taɓa furtawa ba, ni kuwa na ɗauki alkawari da zuciyata ba a bakina za a fara ji ba.

Sana'arsa niƙa. Tun kafin in shigo gidansa yake tsayuwa gaban injin daga safe har yamma, ya dawo fari fat har gashin ido. Injin nan ya ciyar da mu, ya kai yara makaranta, sannan ya karɓi ladansa: ya bar masa tari a ƙirji saboda ƙurar gari, ya kuma cinye kunnuwan a hankali. Da yake a shagon niƙa dama ba a jin muryar kowa, tuni ya saba da kallon leɓen mutum ya gane abin da yake cewa. Da kunnen ya tafi sai ya ci gaba da hakan a ko'ina. Mutanen unguwa har yabonsa suke yi, wai Mai Niƙa mutum ne mai natsuwa, in kana magana ba ya ɗauke ido daga kanka. Nakan ji, in yi dariya a cikina. Bakinsu yake kallo.

Ni na gane tun ranar da faranti ya suɓuce mini a bayansa ya tarwatse, bai ko waiga ba. Daga ranar na sake tsarin gidana ba tare da na ce uffan ba. Na daina yi masa magana daga baya. In zan faɗi abu sai na zagayo gabansa, in tsaya inda haske yake. In wayarsa ta yi ƙara nakan nuna masa da ido, shi kuma ya miƙo mini ya ce, "Tela, ji abin da suke so, hannuna da gari." Ko daga wanka ya fito, hannunsa da gari. Tela yake kirana don tsokana, saboda ɗinki nake yi, kuma kekena a falo yake kusa da taga. A lissafina na iya rufin asiri ƙwarai, har shi kansa bai san na sani ba.

Da aka sa dokar zaman gida aka rufe shagonsa, ni ma masu kawo ɗinki suka ɗauke ƙafa. Ban zauna na naɗe hannu ba. Na zazzage buhun ragowar ƙyallaye na shiga ɗinka takunkumi: yadin auduga ninki biyu, tattara uku a kowane gefe, roba ta kunne, da siririn ƙarfe a saman hanci don ya kwanta. Ba yabon kai ba, wanda ya sa nawa ba ya komawa na wani. Ina ratayewa a ƙyauren gida cikin leda, maƙwabta na ɗauka. Ina ta murna na samu abin yi, ban lura ba ashe da hannuna nake rufe bakunan da mijina yake ji da su.

Autarmu nas ce a babban asibiti. Sunan mahaifiyarsa ta ci, don haka Uwata yake kiranta, kuma duk cikin 'ya'yan babu wadda yake ji da ita kamarta. Taurin kai ma nasa ta kwaso bai rage ba. Da cutar ta fara yawa ya ce ta nemi hutu ta dawo gida. Ta ce ba ta yi karatun jinya don ta gudu ranar da ake nemanta ba. Suka yi ta sa-in-sa, ya ce, ta ce, har ya buga ƙofa ya shige ɗaki. Washegari ta haɗa kayanta ta koma masaukin ma'aikata, ba don faɗan ba, sai don kada ta kwaso wani abu ta kawo wa ƙirjinsa. Amma dai a kan faɗan suka rabu.

Ranar hutunta takan zo ta tsaya a waje, mu buɗe ƙyaure mu tsaya daga ciki, da tazara tsakaninmu. Zuwanta na farko ya fito da fara'arsa, fushi ya daɗe da hucewa, har sabuwar riga ya sa. Ta fara gaisuwa, ta shiga ba mu labari. Ina kallonsa ta gefen ido. Idonsa na kan shuɗin takunkumin asibitin nan yana motsi, ciki da waje, babu leɓe babu haƙori. Fara'ar ta dinga zubewa daga fuskarsa. Ta yi masa tambaya, ta tsaya tana jira. Kafin in san yadda zan shiga tsakani ya ce, "To, Allah ya taimaka," ya juya ya koma ciki.

Zuwa na biyu ma haka. Na uku bai fito ba sam, wai kansa ke ciwo. Da na shigo ɗaukar mata ruwa na same shi tsaye bayan labule, ya ɗan ɗaga gefe yana leƙen 'yarsa. Abin ya soke ni har cikin raina. Na yi kamar ban gani ba, na wuce.

Sai ga wayarta wata safiya.

"Umma, an mayar da ni ɓangaren masu cutar. In na shiga babu fitowa sai an sallame mu, kuma ban san yaushe ba. Zan zo hutun nan, shi ne na ƙarshe."

"Allah ya tsare ki, ya tsare waɗanda kike jinya. Zo, muna nan."

Na ji tana jan hanci. "Baba har yanzu fushi yake yi da ni, ko?"

"Fushin me? Kin san halin ubanki."

"Na sani, shi ya sa. Ko kallon arziki ba ya yi mini, ina magana yana tafiya. Umma, kada ki tilasta masa ya fito. Amma wallahi ba na so in shiga wurin nan bai sa mini albarka ba."

Na ce, "To ke in kin zo ki ɗan sauke ƙyallen nan mana, ya ga fuskarki. Ai a waje kike."

"Umma! Ni da nake kwana cikin marasa lafiya? Da wannan tarin nasa? Ko da wasa."

Na san ba za ta sauke ba. In kuma na ce ta ja can nesa ta sauke, idonsa ba zai kai ga leɓenta ba. Kalma biyu kawai zan faɗa mata komai ya warware, kuma sun zo har bakina. Na haɗiye su. Na san 'yata: da ta ji, za ta iso da tausayi fal ido, tana ɗaga murya kamar mai kiran wani a hayin titi, tana lissafa likitocin da za ta kai shi. Shi kuwa mutumin da ya yi shekaru yana gadin wannan sirri, ya ga an tona shi a bayan idonsa, a bakin ƙofa, maƙwabta na ji? Da ya shige ɗaki ba zai sake fitowa ba, kuma ni ce zan ci sauran.

Na ajiye wayar na zauna gaban keke. Matsalar ai ba babba ba ce, in ka dube ta da idon tela. Ana son baki a rufe, ana kuma son a gan shi. Ɗaki ma haka yake, shi ya sa ake yi masa taga. Na ce in dai da zare da allura ake yi, an gama.

Ba a gama da wuri ba, gaskiya. Na fara da farar ledar cefane. Na yanke tsakiyar takunkumi na ɗinke ta a wurin, na sa, na ja numfashi, ta manne mini a baki har na kusa shiɗewa. Na cire na jefar. Na yanko gefen gorar ruwa. Ita kuma ta cika tauri, bakinta na kartar kumatu, allura ta huda sau ɗaya, a karo na biyu ta karye. Na tashi ina zagaye gidan ina duban kowane abu da ake ganin ciki ta jikinsa, har idona ya faɗa saman kabad, kan jakar da bargonmu ya zo a ciki. Leda ce mai kauri, garai-garai, tana lanƙwasuwa ba ta karyewa. Na zazzage bargon a gado na kai mata almakashi.

Maigidan yana zaune a kujerarsa yana kallona. "Tela, jakar bargon me ta yi miki?"

Na juyo gabansa na ce, "Aiki na samo mata. Ta gaji da zaman banza, kamar wasu."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Wannan ledar ma sai da ta gwada ni. Ƙarfen da ke danne ƙyalle a keke ya ƙi zamewa a kanta, ɗinkin ya dinga cukurkuɗewa wuri guda. Na shimfiɗa siririyar takarda a sama na bi ta kai, da na gama na yage takardar, ɗinki ya fito sumul. Na kuma gane dole in buɗe takun allurar, domin in hudojin suka matsu da juna ledar tsagewa take yi ta bi layin. Na kalmashe bakin ƙyallen ya rufe gefen ledar ciki da waje don kada ta taɓa fata. Na kama ɗinki a kan hanci da ƙarƙashin haɓa, takunkumin ya yi tudu, tagar ta tsaya nesa da leɓe. Gefe da gefe da ƙasa na bar yadi ninki biyu, ta nan numfashi zai bi. Ya yi kyau har na tsaya ina yaba wa kaina. Sai hannu ya yi abin da ya saba: na ɗauko dutsen guga na ɗora. Ƙauri ya tashi, taga ta naɗe ta bi dutsen. Na yi salati, na zagi kaina son raina, na sake yanka wani.

Na biyun na kai gaban madubi na sa. Ga bakina nan tas, har wushiryata. Na ce, "Sannu, Tela." Kafin in rufe baki tururin numfashi ya lulluɓe ledar, ta yi fari, ba a ganin komai. Nan ne kaɗai gabana ya faɗi, domin ranar zuwan Auta ta matso, jakar bargo kuma saura kaɗan.

Maganin daga wurinsa ya fito, bai sani ba. Da safe na kai masa ruwan zafi banɗaki zai yi gyaran fuska, na ga ya ɗauki busasshen sabulu ya goga a madubi, ya bi da tawul ya murje. Shekara da shekaru ina ganin yana haka ban taɓa tambaya ba. Na taɓa kafaɗarsa, ya juyo.

"Wannan fa na mene ne?"

"Don kada tururi ya rufe madubin. Sai yau kika gani?"

Na ɗauke sabulun daga hannunsa na fita, yana kirana yana cewa bai gama ba. Na shafa kaɗan a cikin tagar, na murje da ƙyalle mai laushi har ta yi ƙyalli. Na sa, na tsaya gaban madubi na karanto sunayen 'ya'yana da na jikoki, na ƙara da na maƙwabta. Taga ta tsaya garau.

Saura gwaji a kan mai gayya. Da hantsi yana shan shayi na sa takunkumi na kullum, marar taga, na tsaya gabansa na ce da ƙarfi, "Baban Auta, na sayar da injinka na sayi sabon keke." Ya dube ni, ya dubi ƙyallen, ya gyaɗa kai ya ce, "Uhm." Na shiga ɗaki na sauya da mai tagar, na dawo na tsaya a wuri guda. Wannan karon ban fitar da murya ba ko kaɗan, leɓe kawai na motsa: shayinka ya huce, in ɗumama?

"Bar shi, haka nake so," in ji shi.

Daɗi ya kama ni har na ji kamar in yi guɗa. Shi kuwa ya ajiye kofin, ya ƙura wa tagar ido.

"Wannan kuma wane sabon salo ne?"

"Na Auta ne. Na gaji da magana da shuɗin ƙyalle, ina so in ga haƙoran 'yata."

Can ya ɗauki kofinsa ya ce, "Kin iya ɗinki."

Na ɗinka mata sabo da ragowar ledar, da yadi mai ruwan toka marar ado don kada zane ya ɗauke masa ido daga inda ya kamata. Na wanke, na shanya a rana, na shafa sabulu, na ƙulle a leda. Dutsen guga kuwa ko kusa.

Ranar ta zo da la'asar, rana tana haska bakin ƙyaure daidai inda take tsayawa. Na riga na rataye ledar a ƙofa. Ta rame, idonta ya faɗa. Ta duba bayana ba ta gan shi ba, ta sunkuyar da kai.

Na ce, "Ɗauki wannan ki sa. Ja can ki sauya, ki dawo."

Ta buɗe ta juya shi a hannu. "Umma, wannan ai ba zai yi a asibiti ba."

"Wa ya ce na asibiti ne? Na ƙofar gidan ubanki ne. Sa."

Ta ja baya, ta wanke hannu da maganin da take yawo da shi, ta juya ta sauya. Ni kuma na shiga ciki. Yana bayan labule, sanye da sabuwar rigar nan. Na tsaya gabansa na ce, "Uwarka ta zo. Daga yau sai ranar da Allah ya yi." Ban jira amsa ba na fita, domin na san in na tsaya lallashi zai samu abin musu. Ban kai ƙyaure ba na ji takunsa a bayana.

Auta ta ɗan rusuna daga inda take. "Baba, ina wuni."

"Lafiya lau, Uwata. Ya aiki? Kin rame. Ba sa ba ku abinci ne?"

Ta ɗago da sauri. "Suna ba mu, Baba. Lokacin ci ne babu."

"Lokacin ci ai mutum ke nema wa kansa. Wa zai yi jinyar mutane in kin faɗi?"

Ta shiga ba shi labari, da ɗari-ɗari da farko, sannan ta sake. Ta ce an mayar da ita ɓangaren masu cutar. Ya tambayi irin kayan da za su sa, ta faɗa, ya sake tambaya. Duk abin da ta jefo sai ya cafe. Ina gefe na harɗe hannu ina jin kaina, kamar ni na ƙera duniya.

Tana tsakiyar magana wata babbar mota ta wuce a titi da ƙara har ƙasa na rawa. Ni da nake da kunne ban ji abin da ta ce ba. Shi kuwa ya amsa daidai, ko gezau bai yi ba. Auta ta tsaya. Ta dubi bayan motar, ta dubi ubanta, ta bi inda idonsa yake, ta kai yatsa kusa da tagar da ke bakinta. Sannan ta dube ni. Na ɗauke kai ina gyara ɗankwali. Ai ba a banza ta yi karatun ba.

Na jira ta ɗaga murya. Ba ta ɗaga ba. Sai ma ta sassauta, ta fuskance shi sosai, ta ce, "Baba, tun yaushe?"

Na ce a raina shi ke nan, yanzu zai shige.

Bai motsa ba. Ya nuna ni da haɓa ya ce, "Tambayi uwarki, ta fi ni riƙe lissafi. Tun ranar da ta fasa faranti a bayana ta zagayo tana kallona kamar ta ga gawa." Ya juyo gare ni. "Ke a zatonki ban san dalilin da kullum kike tsayawa a haske ba? Mace da surutu irin naki, a ce ba ta taɓa magana daga wani ɗaki ba?"

Kunya da daɗi suka haɗu suka rufe ni, na sunkuyar da kai.

Ya koma kan 'yarsa. "Ban yi fushi da ke ba, Uwata. Na yi na kwana ɗaya, ya wuce. Fitowa nake yi in gan ki kina magana, ban san ko kuka kike yi ba ko dariya. Shi ne abin da na kasa tsayawa in gani." Ya gyara tsayuwa. "Je ki yi aikinki. Na yarda, na sa miki albarka. Allah ya kai ki lafiya, ya fito mini da ke lafiya."

Ta buɗe baki za ta ce amin, kuka ya riga ta. Hawaye suka gangara ta gefen hanci suka shiga cikin takunkumin, suka wanke sabulun da na shafa, taga ta fara dushewa. Tana ta magana a ciki, ni ina ji, shi ba ya gani.

Ya matsa taku ɗaya, na riƙo hannun rigarsa, ya tsaya.

"Uwata," ya ce, "daina kukan nan, kina ɓata mini taga. Ban gama jin ki ba."